Ƙafar da Ba Ta Jin Wuta: Darasi a kan Ciwon Gaɓoɓi da Zugin Ƙafa na Tsofaffi

'Yan'uwa, wannan darasi na karantawa ne da dare, sa'ad da iyali duka su ke gida. Mai karatu ya ɗaga murya domin tsofaffi su ji, gama zancen nasu ne. Aikin kuwa na 'ya'ya da jikoki ne.

Idan iskar hunturu ta sauko mana daga Azawak, tun daga Disamba har Fabrairu, kuka ɗaya a ke ji a gidajen Adar, daga Tawa har Barmu da Keita da Tabalak. Baba ya ce gwiwa ta hana shi tashi. Inna ta ce ƙafafunta suna zugi, ba ta runtsa ba. Mu kuwa sai mu ce sanyi ne ya kama su, ko mu ce amosani. Da ya ke suna ɗaya mu ke ba ciwon, magani ɗaya mu ke kawowa, watau wuta. A tura kaskon garwashi ƙarƙashin gado, a dafa ruwa a tsoma ƙafa, a gasa dutse a naɗe cikin tsumma.

Amma ciwo biyu ne su ke zaune a ƙafafun tsofaffinmu, kowane da halinsa. Na fari yana cikin gaɓa, inda ƙashi ya gamu da ƙashi. Wannan yana son ɗumi, ɗumi kuwa yana yi masa amfani. Na biyu yana cikin jijiyoyin da su ke kai labarin ji daga ƙafa zuwa ƙwaƙwalwa, ciwon sukari ne kuwa ya fi kawo shi. Mai wannan ciwo, ruwan zafin da ya lafar wa maƙwabcinsa da gwiwa yana iya dafa masa tafin ƙafa bai sani ba. Ƙunar ta zama gyambo, gyambon ya kai shi ga wuƙar likita. Sau da yawa kuma mutum ɗaya yana ɗauke da su duka biyu. Saboda haka kafin a hura wuta, sai a san wanne ne.

GAƁAR DA TA CINYE

A bakin kowane ƙashi, inda ya ke gugar ɗan'uwansa, akwai guringuntsi mai santsi, irin farin nan da mu ke gani a kan ƙashin akuya. Shekaru da nauyi suna cinsa kaɗan kaɗan, kamar yadda igiyar guga ta ke cin itacen bakin rijiya. Ƙasarmu kuwa ba ta tausayin gwiwa. Ku tuna da aikin gyaran ƙasa na Keita, wanda aka soma a 1984 da taimakon Italiya, bayan babban fari. Yawancin waɗanda suka ɗauki duwatsun nan a ka mata ne. Sun mai da faƙo gona, amma wadda ta ke da shekara 25 a lokacin, yau ta haura 60, gwiwoyinta kuma suna biyan bashin tudun da ta hau. Haka masu wuni a tsugune cikin garkar albasa, da masu jan ruwa a rijiya mai zurfi, da waɗanda suka ƙare ƙuruciyarsu suna dakon buhu a Abijan.

Ga yadda a ke gane shi. Ciwon yana ƙaruwa da aiki, ya lafa da hutu. Da safe gaɓa ta kan sandare, amma kafin rabin sa'a ta saki. Wani lokaci a kan ji tana ƙara idan an lanƙwasa ta. Gwiwa da ƙugu da gadon baya da yatsun hannu su ne ya fi kamawa.

Sai in faɗa muku gaskiya tun yanzu: guringuntsin da ya cinye ba ya sake tsirowa. Babu saiwa ko sassaƙe ko allura da za ta komo da shi. Wanda ya tsaya a kasuwa da lasifika yana alkawarin sabuwar gwiwa cikin kwana 7, jakarka ya ke so. Amma rage ciwon yana yiwuwa ƙwarai, har mutum ya ci gaba da zuwa gona da sujada da gaisuwar dangi.

Ɗumi shi ne na fari. A tsoma tsumma cikin ruwan ɗumi, a matse, a ɗora bisa gaɓar kamar minti 15 ko 20, safe da dare. Ko a ɗumama hatsi ko rairayi a kasko, a ƙulle cikin ƙyalle, a ɗora. Mai ɗorawa ya fara gwadawa a nasa hannu. Idan kuwa gwiwa ta kumbura bayan wuni mai wahala, tsumma mai ruwan randa ya fi mata. Tausa da man shanu ko man gujiya tana da kyau. Man ba ya shiga cikin ƙashi kamar yadda a ke cewa. Hannun mai tausa ne ya ke sassauta naman da ya ɗaure, tsoho kuma ya ji ba a yashe shi ba.

Na biyu shi ne motsi, a nan ne kuwa gidaje da yawa su ke ɓata abin da tausayi. Da an ga Baba yana ɗingishi sai a shimfiɗa masa tabarma a ce kada ya tashi, a kawo masa kome har inda ya ke. Bayan wata 2 naman cinya ya zube. Naman cinya kuwa shi ne ya ke riƙe gwiwa, kamar yadda turke ya ke riƙe danga. Da ya zube sai nauyin duka ya sauka bisa ƙashi, ciwo ya ƙaru, tsoho ya ƙara kwanciya. Likitoci a ko'ina sun yarda cewa cikin dukan abin da a ke yi wa wannan ciwo ba tare da wuƙa ba, motsa jiki yana sahun gaba. Ga abu mai sauƙi. Ya zauna a bakin gado, ya miƙe ƙafa ɗaya sosai, ya ƙirga har 10, ya sauke a hankali. Sau 10 kowace ƙafa, safe da maraice. Bayan mako 2 ya ƙara da tashi daga kujera da komawa, sau 5, in ya iya ba tare da dafa hannu ba. Ya kuma yi 'yar tafiya kowace rana a wuri mai laushi, bayan rana ta ɗumama. Ciwo kaɗan lokacin motsi ba laifi ba ne. In ya kwana bai lafa ba, an yi yawa, sai a rage.

Sanda ba abin kunya ba ce, amma yawancin mutane a hannun da bai kamata ba su ke riƙe ta. In gwiwar dama ce ta ke ciwo, sanda a hannun hagu. Kujerar mata 'yar ƙasa ma tana wahalar da Inna. A kifa mata turmi, ko a sassaƙa mata mai tsawo. A makewayi a kafa itace mai ƙarfi da za a kama wajen tsugunawa da tashi. Masu ƙiba, waɗanda sun fi yawa a cikin gari inda babur ya maye gurbin ƙafa, su sani cewa kowane kilo 1 da aka rage yana sauke wa gwiwa nauyin kamar kilo 4 a kowane taki. Wannan magana ba ta shafi ramammen tsoho na ƙauye ba. Shi ƙarin abinci ya ke bukata.

Citta da gangamau cikin miya ko kunu suna ɗan taimakon waɗansu, ba su kuwa da lahani a abinci. Barkono ma, daga cikinsa a ke ciro abin da a ke haɗa wani man shafawa na farmasi. Amma kada a daka barkono a shafa a fata, balle fatar da ta tsage.

ƘWAYOYIN TEBUR

Parasetamol shi ne mafi sauƙin haɗari. Mai miligram 500, ƙwaya 1 ko 2, kada ya wuce sau 3 a yini. Ramammen tsoho ƙwaya 1 ta ishe shi.

Waɗanda na ke jin tsoro su ne na masu yawo da magani a faranti ko a bayan keke, magani yana shan rana tun safe. Sukan ƙulla ƙwayoyi iri 4 ko 5 a leda, ja da fari da rawaya, su ce na amosani ne. A ciki a kan sami diklofenak ko ibuprofen. Waɗannan suna kashe ciwo da gaske, shi ya sa a ke komawa. Amma tsohon da ya ke shansu kullum, suna ƙwaƙule masa tumbi har ya zub da jini, su ta da hawan jini, su gajiyar da ƙoda. Mai ciwon sukari kuwa ƙodarsa dā ma tana cikin wahala. Wanda bayan gidansa ya zama baƙi kamar kwalta, jini ne, a kai shi asibiti ran nan. A kan sami deksametazon kuma, wanda a ke ce wa deksa. Shi ne mai sa fuska ta cika har a ce tsoho ya murmure, alhali yana ta da sukari, yana sa ƙashi ya yi rauni, yana hana miki warkewa. Wanda ya daɗe yana shansa kada ya yanke dare ɗaya, gama wannan ma haɗari ne. Likita ne zai nuna yadda za a rage. Tiramol kuwa kun ga abin da ya yi wa samarinmu. Ba ya jin kunyar furfura.

Ba kowane ciwon gaɓa ba ne na tsufa. Gaɓa ɗaya da ta kumbura farat ɗaya, ta yi ja, ta yi zafi, ga zazzaɓi, mai yiwuwa ne mugunya ce a ciki, tana iya lalata gaɓar cikin kwanaki kaɗan. Wannan ba ya jiran ranar kasuwa. Yatsun hannu biyu da su ke kumbura tare, su sandare fiye da sa'a guda kowace safiya, wani ciwo ne dabam mai maganinsa dabam. Mu da mu ke zaune kusa da makiyaya kuma, akwai cutar da ta ke shiga ta ɗanyar madarar shanu da awaki da raƙuma, mai kawo zazzaɓi mai tafiya yana komowa, da gumin dare, da ciwon baya da gaɓoɓi. A tafasa madara kafin a sha.

ƘAFAR DA BA TA JI

Yanzu mu zo ga na biyu, wanda ya fi ɓoyewa.

Jiki yana mai da abinci sukari, sukarin ya shiga jini. Akwai wani sinadari, insulin, wanda aikinsa shi ne shigar da sukarin cikin nama domin ya zama ƙarfi. Idan ya gaza, sukari ya taru cikin jini. Mutum ya riƙa jin ƙishirwa, ya yawaita fitsari da dare, ya rame ko da yana ci, ido ya yi hazo, ƙuraje su ƙi warkewa. Waɗansu kuwa shekara da shekaru ba su ga alama ko ɗaya ba. Duk wannan lokaci sukarin yana cin ƙananan hanyoyin jini da jijiyoyin ji. Jijiyar da ta fi tsawo ita ta ke fara lalacewa, shi ya sa abin ya ke somawa daga yatsun ƙafa, ƙafafu biyu tare, ya riƙa hawa a hankali kamar ana sa safa. Wajen rabin masu ciwon sukari suna gamuwa da wannan in an daɗe.

Ku saurari kalmomin tsoho da kyau. Mai ciwon gaɓa yana nuna wuri ɗaya da yatsa, ya ce nan ne. Mai ciwon jijiya cewa ya ke ƙafar tana ƙuna kamar an zuba barkono, ko ana tsira masa allura, ko tururuwa tana yawo a ciki, ko yana ji kamar bisa auduga ya ke tafiya. Nasa ya fi tsanani da dare, sa'ad da ya ke kwance. Wani takalmi ya kan zame masa a hanya bai sani ba. Ga abin mamaki: ƙafar da ta ke hana barci da zugi, ita ce kuma ba ta jin ƙaya. Ranar da ya ce zugin ya tafi, ya warke, ran nan ya kamata a ƙara tsoro, gama mai yiwuwa ne jijiyar ce ta ƙarasa mutuwa.

Wannan ilimi daga wurin masu kuturta aka fi samo shi. Akwai wani likita Bature ɗan Ingila, Paul Brand, wanda aka haifa a Indiya a 1914, iyayensa 'yan mishan ne. Ya soma aiki a asibitin Vellore a Indiya a 1946. A zamanin, kowa yana tsammani cutar ce da kanta ta ke cinye yatsu. Shi kuwa ya bi majinyatansa yana dubawa, har ya gane cewa yawancin ɓarnar daga rashin jin zafi ta ke fitowa. Mutum ya ɗauki tukunya daga wuta da hannu. Ya wuni yana taka ƙusa a cikin takalmi. Ya tarar har ɓeraye suna gaigayar yatsun waɗansu da dare suna barci, sai ya sa a riƙa ba su kyanwa su tafi da ita gida. Ya kuma ga cewa gyambon tafin ƙafa yana warkewa in an daina taka shi. A 1966 ya koma asibitin Carville a Amurka, can kuwa aka ga cewa dabarun nan su ne ƙafar mai ciwon sukari ta ke bukata. Waɗanda suka taɓa zuwa asibitin Danja kusa da Maraɗi sun ga yadda a ke koya wa majinyata duba ƙafa da sa takalmi mai laushi. Darasin ke nan. Ku lura kuma, kuturta ba ta ƙare sarai a ƙasarmu ba. Wanda ya ga tabo mai haske a fatarsa, wurin kuma ba ya ji, ya je a duba. Maganinta kyauta ne, tana kuwa warkewa.

To, yaya za a sani a gida? Akwai gwaji da likitocin garin Ipswich a Ingila suka bayyana a 2011, ba ya bukatar kome sai yatsa. Tsoho ya kwanta, ya tuɓe takalmi, ya rufe ido. Mai gwaji ya taɓa kan babban yatsa, da na tsakiya, da ƙaramin, a kowace ƙafa. Taɓawa ce marar nauyi, ta daƙiƙa 1 ko 2, ba dannawa ko sosawa. Duk sa'ad da ya ji, ya ce i. Wuri 6 ke nan. In ya kasa jin 2 ko fiye, ƙafarsa ta rasa mai tsaronta. Daga ran nan babu kasko kusa da ita, babu ruwan zafi, babu gasasshen dutse. A kuma je a auna jini.

Awon sukari ɗigon jini ɗaya ne daga yatsa, da safe kafin a ci kome. In takarda ta nuna gram 1,26 a lita ko fiye, aka sake wata rana aka sami haka, ciwon sukari ne. Ana yinsa a babban asibitin Tawa, da asibitin Galmi, wanda mishan ta SIM ta buɗe a 1950 a bakin hanyar Ƙonni zuwa Madawa, da gidajen likita da dama. Na'urar awon ƙarama ce, ba ta kai tafin hannu ba. A ganina zumuntar mata ko ta maza a ikkilisiya ɗaya tana iya haɗa kuɗi ta saya, a koya wa mutum biyu aiki da ita. 'Yan bida kuma, maimakon kwalaben maganin ƙarfi da ku ke aiko wa iyaye daga Abijan, ku aiko da kuɗin awo da takalmi mai kyau.

AIKIN KOWACE RANA

Da ya ke ƙafar ba ta iya ba da labarin kanta, ido ne zai tsaya mata. Idon tsoho kuwa ya yi rauni, bayansa ba ya sunkuyawa. Sai wani ya yi masa. Wanke wa wani ƙafa ba baƙon aiki ba ne gare mu masu bi, amma na san akwai kunya. Matar ɗa ba za ta kama ƙafar surukinta ba, ɗan fari ma yana jin nauyi. A ba jika aikin. Tsakanin jika da kaka wasa ne, yarinya 'yar shekara 12 tana iya ce wa kakanta, "Tsoho, miƙo ƙafar nan," ya miƙo yana dariya. Aiki ne na minti 5, da maraice kafin haske ya tafi, ko da tocila.

A wanke da ruwa mai ɗumi kaɗan da sabulu. Mai wankewa ya gwada ruwan da gwiwar hannunsa. Kada a jiƙa ƙafa cikin kwano ta daɗe, gama fata ta kan yi laushi ta tsage. A share sosai, har tsakanin yatsu. Sa'an nan a duba tafi da diddige da tsakanin yatsu da gefen farce. Ana neman ƙaya, ko tsaga, ko bororo, ko wurin da ya yi ja ko ya fi sauran zafi, ko baƙin ɗigo a ƙarƙashin kanta. A shafa mai a diddige da tafi saboda faso, wanda hunturu ya ke buɗewa har ya yi jini, amma ban da tsakanin yatsu. Farce a yanke shi a miƙe, kada a bi kusurwa. Kanta da kaushi kuwa kada reza ta taɓa su, ko a gida ko a wurin masu yankan farce na kasuwa. Iyayenmu mata su yi haƙuri da lalle a tafin ƙafa, domin yana ɓoye jan da mu ke nema.

Babu tafiya ba takalmi, ko a tsakar gida. Ƙasarmu cike ta ke da ƙarangiya da tsidau da ƙayar aduwa, rairayin bazara kuwa da tsakar rana yana dafa fata. Takalmi ya zama mai kaurin ƙasa, mai laushin ciki, mai faɗin baki, ba ƙusa. A saye shi da maraice, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura. Sabo a fara sa shi sa'a 1 ko 2, a tuɓe a duba. Kowace safiya a zazzage shi, a sa hannu ciki a lalube, saboda tsakuwa da kunama. Takalmin roba da ya wuni a rana a bari ya huce. Mai hawa babur ya yi hankali da salansa. Ga sanyin dare kuwa, safa mai sakin baki da ƙarin bargo sun isa.

Wanzami yana da aikinsa a cikinmu, amma ƙaho da tsaga da sakiya ba na wannan ƙafa ba ne. Jini ba ya isa can da kyau, ƙaramar tsaga kuwa ƙofa ce.

ZUGIN DARE DA ABINCI

Me za a yi wa zugin kansa? Waɗansu suna samun sauƙi da tsumma mai ruwan randa na ɗan lokaci, ko tausa a hankali da mai, ko su tashi su ɗan zaga ɗaki da takalmi. Wanda taɓawar bargo ta ke dame shi, a kifa kwando a ƙarshen gado a ɗora bargon bisa. Parasetamol da diklofenak ba su cika taɓa wannan irin ciwo ba, kada a yi ta ƙara su a banza. Akwai magani mai araha, amitiriptilin, wanda likita ya kan ba da kaɗan da dare. Yana iya sa jiri da bushewar baki, shi ya sa sai da likita, a kuma riƙe tsoho in zai tashi fitsari. Giya da burkutu suna ƙara kashe jijiya. Taba tana tsuke hanyar jini.

Amma tushen abin sukari ne. Jijiyar da ta mutu ba ta cika farfaɗowa ba. Sauke sukari yana tsare waɗanda suka rage. A nan sai mu taɓa shayi. Mun koya daga maƙwabtanmu Buzaye, zagaye 3, kowane da sukarinsa, waɗansu kuma safe da rana da dare. Mai ciwon sukari ya zauna a majalisa, a zuba masa nasa kafin a sa sukari. Lemun kwalba ya bar shi. Zuma da dabino da rake, kada a ruɗe mu da cewa na Allah ne, sukari ne su ma. Fura a dama da nono ba sukari, a sha a ƙaramin kwano. Tuwon hatsi ya fi farar shinkafa da taliya da burodi, amma shi ma da awo: malmala ta ragu, miya ta ƙaru. Wake da gujiya, da kwaɗon zogale ko rama ko tafasa, da kabejin garka, da kifin Tabalak in an samu, waɗannan su cika kwanon.

Ana cewa ɗaci yana kashe zaƙi, sai a jiƙa sassaƙen maɗaci ko ganyen dogon yaro a sha kwano guda. Harshe ne ya ke jin ɗaci da zaƙi, jini bai san wannan lissafi ba. Jiƙon ba shi da ma'auni, hanta da ƙoda ne kuwa su ke ɗaukar nauyinsa. Abin da ya fi muni shi ne a ajiye maganin likita saboda shi. Wanda aka ɗora bisa metformin ko wani magani ko allurar insulin, ya ci gaba ko da ya ji garau, gama wannan ciwo riƙe shi a ke yi. Insulin ba ya son zafi. Inda babu firji, a sa kwalbar a leda cikin ƙaramar tukunyar ƙasa, a binne gindinta a jiƙaƙƙen rairayi a inuwa.

Mai shan magani kada ya tsallake abinci. In ya soma gumi da rawar jiki da yunwa mai tsanani, ko magana ta rikice, sukari ne ya faɗi ƙasa. A nan sukari shi ne magani: ƙwaya 3 cikin ruwa nan da nan, sa'an nan abinci. In ya suma kada a ɗura masa kome, a ɗauke shi zuwa likita.

IDAN AN GA MIKI

Kome ƙanƙantarsa, a wanke da ruwan da aka tafasa ya huce, lita 1 da gishiri ƙaramin cokali 2. A rufe da ƙyalle mai tsabta. Ban da toka, da kanwa, da baƙin mai, da kashin shanu, da garin kafso. Kada ya taka ƙafar, ko da ya rantse ba ya jin kome. A nuna wa likita kafin a kwana 2. In kuwa akwai wari, ko mugunya, ko ja mai hawa sama, ko kumburi, ko zazzaɓi, ko yatsa ya soma baƙi, ran nan za a tafi, ko ana tsakiyar girbi. A ɗora shi bisa amalanke ko babur, kada ya tafi da ƙafa.

A tafi da takardun awo na baya, da kwalin kowane magani da ya ke sha, har na tebur da na sassaƙe, kada a ɓoye wa likita ko ɗaya. A tambaya kuma ko yana bukatar allurar tetanus. Mai rakiya ya zama shi ne mai duba ƙafar kowace rana, gama shi ya san ranar da abin ya soma.